Na fesa magani, tsutsar masara ba ta faɗi ba: jabu ne ko haka aikinsa yake?

Baban Ummi, Soba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wanda ya san kan maganin feshi ya taimaka min. Tsutsar nan mai cin masara ta shigo min gona tun masarar ba ta kai gwiwa ba. Na je kasuwa na sayo magani, mai shagon ya ce sabo ne, a jikin kwalbar an rubuta lufenuron. Ranar Asabar da yamma na fesa. Washegari da sassafe na shiga ina buɗa ƙoƙon masarar, sai ga tsutsa tana motsinta lafiya lau. Wanda na saba fesawa, kafin in gama wanke famfo sun fara murɗewa. Jabu aka sayar min? In sake fesa wani a kai?

Alhaji Bala mai shago, Kawo:
Wa alaikumus salam. Dakata tukuna, kada ka ƙara komai. Jabu kam akwai shi a kasuwa, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Amma wannan maganin ko na gaske ne ba ya kashewa nan take. Shi ya sa na daina ajiye shi shi kaɗai, sai wanda aka haɗa da emamektin. Manominmu ba ya yarda sai ya ga gawa.

Sa'idu, Giwa:
Alhaji, maganin da ba ya kisa ai ba magani ba ne. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya sha rana da famfo a baya, sannan a ce masa ya jira?

Malama Hadiza, Samaru:
Malam Sa'idu, yana kisa, lokacin kisan ne ya bambanta. Fannin ƙwari na karanta, bari in ɗan yi bayani.

Tsutsa ba ta da ƙashi a ciki. Fatar da ke lulluɓe da ita ce ke riƙe da jikinta, ƙoƙon kanta kuwa ba ya buɗawa ko kaɗan. Ba ta da hanyar girma sai ta yi saɓa: ta ƙera sabuwar fata a ƙarƙashin tsohuwar, ta tsaga tsohuwar ta fito. Wannan ta masarar hawa shida take yi, tsakanin kowane hawa da na gaba akwai saɓa. Da zafi irin namu, cikin mako biyu ta gama, ta sauka ta shige ƙasa ta dunƙule, bayan mako guda da 'yan kwanaki ta fito faɗa-wuta, ta sake zuba ƙwai. Daga ƙwai zuwa ƙwai kusan wata ɗaya ne.

Maganin da ka saba da shi jijiya yake bugawa, shi ya sa kake ganin murɗewa. Lufenuron ba ruwansa da jijiya. Akwai wani sinadari, kaitin, da shi ake ƙera fatar ƙwaro, to shi yake hana ta haɗawa. Wadda ta ci ganyen da aka fesa za ta ci gaba da yawonta har ranar saɓa. Ranar ce sabuwar fatar za ta fito ba ƙwari, ko ta fashe ruwan cikin ya tsiyaye, ko ta maƙale a cikin tsohuwar. Baban Ummi, yaya girman waɗanda ka gani?

Baban Ummi, Soba:
Wasu 'yan mitsi-mitsi, Malama, wasu kuma sun kai gaɓar yatsa biyu.

Baba Isa, tsohon malamin gona, Maigana:
To nan gizo ke saƙar. Ɗana, ƙananan za su mutu in sha Allahu, don su ba sa daɗewa ba su yi saɓa ba. Manyan kuwa bi su da hannu ka murtsuke. Wadda ta kai hawan ƙarshe za ta ci gaba da ci har ta sauka ƙasa, kuma mafi yawan ɓarnar a hawa biyun ƙarshe ake yin ta.

Tun 2016 da wannan tsutsa ta shigo ƙasar nan daga nahiyar Amurka, abin da nake ta faɗa wa mutane ɗaya ne: ba a jiran sai an ga rami a ganye. Ƙaramar ba ta iya huda ganye, kankare shi take ta gefe guda ta bar wani farin tabo da haske ke ratsawa. Wannan tabon shi ne sanarwa. Ƙwan kuma a dunƙule suke, ɗari zuwa ɗari biyu a wuri ɗaya, lulluɓe da wani gashi-gashi mai ruwan toka. Shiga gonarka sau biyu a mako, ka tsaya wuri biyar daban-daban, ka duba tsiro goma a kowane wuri. In goma cikin hamsin ɗin na da sabon tabo, lokacin feshi ya yi. In ka bari sai kashi ya cika ƙoƙon, ta riga ta girma ta ɓuya a ƙarƙashinsa, magani ma da ƙyar yake kai mata.

Nura, ɗalibi, Tudun Wada:
Malama, ni abin da ya tsaya min: wa ke gaya wa tsutsar lokacin saɓa ya yi? Kuma me ya sa sau biyar tana saɓa tana fitowa tsutsa, sai a na shida ta zama wani abu daban?

Malama Hadiza, Samaru:
Nura, Allah ya yi maka albarka. Wannan tambayar ce masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna bi.

Homon ne ke ba da umarnin, wato saƙon sinadari da wani ɓangare na jiki ke sakewa cikin jini ya je ya sa wani ɓangaren aiki. Wani masani ɗan ƙasar Poland, Stefan Kopec, tsakanin 1917 da 1922 ya riƙa ɗaure tsutsa tamau da zare a tsakiyar jiki. Sai ɓangaren da ke da kai ya rikiɗa, na baya ya tsaya yadda yake. Ya gane cewa wani abu ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, zaren ya tare shi. A 1940 Soichi Fukuda na Japan ya nuna a tsutsar siliki cewa saƙon ƙwaƙwalwar ba kai tsaye yake aiki ba, wani ɗan ƙullutu yake tadawa a ƙirjin tsutsar, shi kuma ya saki homon saɓa, wanda ake kira ekdison. Don ku ga ƙanƙantarsa: a 1954 da Butenandt da Karlson suka tace shi a Jamus, kilo 500 na dunƙulallun tsutsar siliki suka niƙa, abin da suka samu miligiram 25 ne.

Ekdison cewa kawai yake "a yi saɓa". Bai san me za a fito ba. Wannan aikin homon na biyu ne, homon ƙuruciya, wanda Vincent Wigglesworth ya gano a Ingila a shekarun 1930, yana aiki da wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka. Daga wasu ƙullutai biyu a bayan ƙwaƙwalwa yake fitowa. In ekdison ya zo ya tarar da homon ƙuruciya a jini, tsutsa za a sake fitowa, mai ɗan girma. In ya zo ya tarar babu shi, sai jiki ya kama hanyar rikiɗa. A hawan ƙarshe homon ƙuruciyar ke ɗaukewa. Amsar tambayarka ke nan.

Nura, ɗalibi, Tudun Wada:
To me ke sa ya ɗauke?

Malama Hadiza, Samaru:
Nan ƙwayoyin gado suka shigo. Homon ba ya ƙera kansa. Kowane mataki na haɗa shi akwai enzayim, wato sinadarin jiki mai gudanar da aikin, mai yin sa, kowane enzayim kuma akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi.

Ɗauki ekdison. Daga kolastarol ake yin sa, kuma abin mamaki ƙwaro ba ya iya ƙera kolastarol da kansa yadda jikinmu ke yi. Dole sai ya samo danginsa daga ganyen da yake ci, ya juya shi. Daga nan wata ƙwayar gado mai suna Neverland ta fara aiki a kai, ta miƙa wa Spook da abokanta, sai Phantom, sai Disembodied, sai Shadow, a nan ekdison ya kammalu ya shiga jini. Ta ƙarshe, Shade, ba a ƙullutun take aiki ba, a can cikin kitse da hanji take ƙarasa shi ya zama mai ƙarfin da ke sa saɓa. A ɗan ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace aka fara gano yawancinsu, cikin babban binciken da ya sa Nüsslein-Volhard da Wieschaus suka samu kyautar Nobel a 1995. Ɗan ƙudan da ɗaya daga cikin waɗanda aka gano a binciken ta lalace ba ya iya ƙera fata, tun cikin ƙwai yake mutuwa.

Maman Hauwa, Mando:
Wato kamar aikin ƙuli ne, 'yar'uwa. Mai ɓare gyaɗa daban, mai suya daban, mai niƙa, mai matsa. In mai niƙa bai zo ba, ranar ba mai ba ƙuli, ko gyaɗa ta cika ɗaki.

Malama Hadiza, Samaru:
Haka yake, Maman Hauwa, kin gama magana.

Shi kuma homon ƙuruciya, akwai wata ƙwayar gado, JHAMT, da ke yin ɗaya daga cikin matakan ƙarshe na haɗa shi. Shinoda da Itoyama suka gano ta a Japan a 2003, suka kuma ga cewa da tsutsar siliki ta shiga hawan ƙarshe sai wannan ƙwaya ta yi shiru. Ita ce amsar Nura. Bayan masu ƙerawa akwai masu karɓar saƙon. Ekdison yana da mazauninsa a cikin ƙwayoyin jiki, ana kiransa EcR. Homon ƙuruciya kuma nasa Met. In ya zauna a kan Met, sai ta tada wata, Kr-h1, ita kuma ta danne wata mai suna E93, wadda ita ce ke buɗe hanyar zama babban ƙwaro. Muddin Kr-h1 na aiki, ba fiffike ba ƙwai. Tun 2017 aka wallafa jerin ƙwayoyin gadon wannan tsutsa ta masara, kuma ita ma da irin wannan tsarin take tafiya.

Sa'idu, Giwa:
Malama, ina girmama iliminki, wallahi. Amma duk sunayen nan daga Jamus sai Japan. Ni da ke fama da kuɗin taki, me Kr-h1 za ta ƙara min a buhu? Wannan karatun na masu ɗakin bincike ne.

Baba Isa, Maigana:
Sa'idu, akwai dogon yaro a ƙofar gidanku?

Sa'idu, Giwa:
Akwai, Baba.

Baba Isa, Maigana:
To karatun nan a kansa ake yi. Da muna koya wa manoma feshin 'ya'yan dogon yaro, ƙorafin da muka fi sha shi ne irin na Baban Ummi: an fesa, ba a ga gawa ba, sai a watsar a koma wa mai wari. Da a ce mutane sun san ta inda yake kamawa, da ba su watsar ba. Malama, ki gaya masa.

Malama Hadiza, Samaru:
To, Baba. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana Sudan lokacin da fara ta sauka. Ta cinye kusan duk wani kore, ta bar dogon yaro. A 1968 aka ware sinadarin a Ingila, azadiraktin. Aiki biyu yake yi. Yana sa ƙwaro ya ƙi cin ganyen, wanda kuma ya ci, sai ya rikita masa fitar saƙon nan na ƙwaƙwalwa mai tada ƙullutun ƙirji. Ekdison ya ƙi zuwa a kan kari, saɓa ta jinkirta ko ta lalace, wasu su mutu a dunƙule, wasu su fito da fiffike a karkace.

Da ka san haka, Malam Sa'idu, ka san abu uku da za su ƙara maka a buhu. A kan ƙanana za ka fesa, masu sauran saɓa da yawa a gaba. Da yamma za ka fesa, don rana na kashe sinadarin. Kuma ƙwayar cikin 'ya'yan za ka daka, ta fi ganye ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da aka saba shi ne giram 50 na dakakken ƙwaya a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace sosai, a sa ɗan sabulu, a nufi cikin ƙoƙon.

Maman Hauwa, Mando:
Ni ganyen nake dafawa ina fesa wa 'yar masarata ta bayan gida. Ashe 'ya'yan da nake sharewa ina zubarwa su ne maganin.

Garba, Ikara:
Jama'a ku bar ni in sa baki, don mu masu tumatir mun ga abin da ba mu taɓa gani ba a shekarar sharon, tsutsar nan ta tumatir. A watan Mayun 2016 har gwamnatin jihar nan ta Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, aka ce kashi 80 cikin ɗari na gonaki sun tafi. Ba don ba mu fesa ba ne. Mun fesa da safe mun fesa da yamma, mun haɗa uku a famfo ɗaya, tsutsar na kwance tsakanin fatun ganye biyu tana cin abinta. Ka ɗaga ganye a rana ka hango ta a ciki. Tambayata, Malama: irin waɗannan masu bi ta saɓa, su ma ƙwaro na sabawa da su, ko su ne mafita?

Malama Hadiza, Samaru:
Yana sabawa, Malam Garba. A 1967 wani babban masani a Harvard, Carroll Williams, ya yi hasashen cewa ƙwaro ba zai iya bijire wa homon ɗin jikinsa ba. Ba a daɗe ba ƙwari suka nuna akasin haka. Ita kanta Met ɗin da na ambata, ta haka aka gano ta a 1986: an ba ƙudaje maganin metofirin, mai kwaikwayon homon ƙuruciya, wasu suka ƙi mutuwa, da aka bi diddigi sai aka tarar mazaunin homon ne ya sauya a jikinsu. A Birazil ma an samu tsutsar masarar da lufenuron ya rage kama ta.

Amfaninsu shi ne ta wata ƙofa daban suke shiga. Kwalabe uku da kuka haɗa, in duk jijiya suke bugawa ta hanya ɗaya, ai magani ɗaya ne da suna uku. Sunan sinadarin za ka duba, ba sunan kwalba ba. Wannan watan ka yi da mai buga jijiya, zuriya ta gaba ka sauya zuwa mai bi ta saɓa.

Akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman su zauna a kan EcR, irin su tebufenozaid da metoksifenozaid, tun 1988 aka bayyana na farkon danginsu. Tsutsar da ta ci sai jikinta ya ɗauka lokacin saɓa ya yi. Cikin 'yan sa'o'i ta daina ci, ƙoƙon kanta ya zame ya rufe mata baki. Ekdison na gaske yana zuwa ne ya wuce, wucewar tasa ce ke ba da damar ƙarasa saɓa. Shi kuwa wannan ba ya tashi daga mazaunin, sai ta maƙale a tsakiya har ta mutu. Za ka gan ta da rai, amma ɓarna ta tsaya.

Alhaji Bala mai shago, Kawo:
Ba wanda ya taɓa shigowa shagona ya tambaye shi. Ko na kawo, wa zai tsaya ya yi wa kowane mai saye wannan bayanin? Aikin malaman gona ne, su kuma ga ƙarancinsu.

Baban Ummi, Soba:
Na koma gonar yau. Ƙananan da yawa sun yi baƙi sun motse, wata na gani rabin jikinta a cikin tsohuwar fata. Manyan na bi su da yara mun tsince. Kowace da alamar Y a kife a goshi da ɗigo huɗu baƙaƙe wajen wutsiya. Na gode, Allah ya saka wa kowa.

Nura, ɗalibi, Tudun Wada:
Malama, to me zai hana a fesa musu homon ƙuruciyar da yawa, su tabbata a tsutsa, kada su taɓa yin ƙwai?

Malama Hadiza, Samaru:
A masara? Ka tuna wa ke cin ganyen. In ka tsare ta a tsutsa, ka ƙara mata kwanakin ci ne. Masu kiwon tsutsar siliki da gangan suke yin haka don ta ƙara girma ta ba da zare mai yawa. Inda irin wannan ke da amfani shi ne inda babban ƙwaron ne matsala, ko inda ake son a tsinke zuriya: sauro, da farin ƙwaron nan na ƙarƙashin ganyen tumatir da rogo. Akwai gidajen sauro da ake sa wa firifuroksifen, mai kwaikwayon homon ƙuruciya, macen da ta taɓa shi ƙwanta ba sa yin kirki.

Ga tsutsar gona akasin haka ake nema, a ɗauke homon ƙuruciyar da wuri ta rikiɗa tana 'yar ƙarama kafin ta kai hawan ɓarna. An gwada a tsutsar siliki, da aka kashe ƙwayoyin gadon da ke ƙera shi, waɗanda suka rayu sun rikiɗa tun lokaci bai yi ba.

Abu Sumayya, Rigasa:
Yawwa, ga inda nake jira a zo. "Aka kashe ƙwayoyin gado." Daga nan sai a ce a sa mana a cikin iri. Ni raina bai kwanta da wannan wasa da halitta ba. An kawo mana wake, an kawo masara, gobe kuma me? Ranar da manomi zai kasa ajiye irinsa sai ya saya a hannun kamfani, ranar mun zama bayi a gonarmu.

Malama Hadiza, Samaru:
Malam, damuwarka kan mallakar iri gaskiya ce, ina tare da kai a kanta. Amma mu raba abubuwa. Waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, da masarar TELA ta 2024, ba su taɓa homon ba. Ƙwayar gado ce daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, Bt, hanjin tsutsa take hudawa. Waken ana iya ajiye irinsa a sake shukawa. Masarar kuwa 'yar aure ce, sai an sake saye, kamar duk wata masara 'yar aure da muke shukawa tun kafin ta.

Abin da ya shafi zancenmu wata dabara ce daban, RNAi, wadda Fire da Mello suka bayyana a 1998. Ba a sauya ƙwaron. Wani ɗan guntun saƙo ake ba shi ya ci, wanda ya yi daidai da ƙwayar gado guda tak, sai jikinsa da kansa ya rufe mata baki. A 2012 masu bincike a ƙasar Sin sun sa ganyen taba ya ɗauki irin wannan saƙon a kan EcR, tsutsar auduga da ta ci ta samu matsalar saɓa. A ƙarshen 2023 Amurka ta amince da na fesawa na farko, a kan wani ƙwaro mai cin ganyen dankalin Turawa, kodayake shi ba homon ya nufa ba. Sai dai a dangin faɗa-wuta, waɗanda su ne manyan abokan gabarmu a masara da wake da tumatir, dabarar ba ta kamawa sosai, ruwan hanjinsu na narkar da saƙon kafin ya isa. Kada wani ya zo muku da kwalba gobe ya ce ita ce.

Abu Sumayya, Rigasa:
Na ji, amma ban sauka daga matsayina ba. Wanda ya iya rufe bakin ƙwayar gado a ƙwaro, wa ya ba ni tabbacin abin ba zai taɓa mai cin tuwon ba?

Malama Hadiza, Samaru:
Jikin ɗan Adam ba shi da EcR, ba ya kuma ƙera homon ƙuruciya, ba ma yin saɓa. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana suka nufi wannan ɓangare tun farko. Amma rashin wannan ba ya ɗauke wajibcin a gwada kowane magani shi kaɗai, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon da harshensu. Hukumar da aka kafa a 2015 don sa ido kan irin waɗannan abubuwa, haƙƙinmu ne mu riƙa tambayarta. Mai feshi kuma ya rufe hanci da jiki, ya kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, ko wane iri ne.

Yakubu, Kachia:
Barkanku da muhawara. Ni zuma nake kiwo a gefen gonar citta. Mutum ba ya saɓa, mun ji. Amma 'ya'yan zuma a cikin saƙa ai tsutsotsi ne, suna yi. Ni fa?

Malama Hadiza, Samaru:
Tambayarka a kan hanya take, Malam Yakubu. Homon ɗin iri ɗaya ne a jikinsu. Masu hana kaitin da masu kwaikwayon homon ƙuruciya ba lalle su kashe babbar zuma a fili ba, amma in ta kwaso su a garin fure ta kai gida, 'ya'yan ne ke shan wahala, kuma ba za ka gani ba sai daga baya. Metoksifenozaid ya fi sauƙi, don mazaunin ekdison na zuma ya ɗan bambanta da na faɗa-wuta, ba ya zama a kansa da kyau. Duk da haka kada a fesa komai lokacin da masara ke bunƙasa fure zuma na kanta, kuma a bari sai magariba.

Yakubu, Kachia:
To zan zaga maƙwabta in roƙe su su riƙa sanar da ni kafin feshi.

Baba Isa, Maigana:
Kafin a watse, akwai wadda ba a ambata ba, kuma ta riga ta masara zuwa: tsutsar kara, mai huda dawa. Ita ta masara ba ta barcin rani, daga noman rani take tsallakowa zuwa damina. Ta kara kuwa in kaka ta yi sai ta kwanta cikin busasshen kara wata da watanni, ba ci ba rikiɗa, jikinta ya yi fari. Tsaga karan dangarka a watan Maris ka gani. Ruwan farko na sauka ta farka, ta fito ta nufi sabuwar shuka.

Malama Hadiza, Samaru:
Baba, a 'yan'uwanta masu huda kara an nuna cewa homon ƙuruciya ne ke ƙin ɗaukewa a wannan lokacin, shi ke riƙe ta a tsutsa har rani ya wuce.

Sa'idu, Giwa:
Baba, in ƙona kara za ka ce, ba zan iya ba. Da shi nake danga, da shi shanu ke kai rani, ragowar in sayar.

Baba Isa, Maigana:
Ban ce ka ƙona ba, ɗana. A nan Samaru aka gwada babbaka shi sama-sama da an gama girbi, wuta ta lashe ganyen kawai, zafin ya kashe na ciki, karan ya rage da ƙwarinsa ka yi danga. Na shanu kuma kada ka jingine shi tsaye a inuwar bishiya. Shimfiɗa shi kwance a fili, bai yi kauri ba, rana ta dake shi 'yan makonni kafin ka ɗaure. Wanda ya rage bai shiga aiki ba, ka tabbata ya ƙare kafin ruwan farko.

Sa'idu, Giwa:
Babbakar zan gwada a na danga bana. Na shanu sai na ga inda zan shimfiɗa, don in na bar shi a fili dabbobin wasu ne za su riga nawa.